Jinjina ga Masu Iya Cewa "A'a, Baba"

A ƙasar Jega ba a kai tsofaffi gidan kula da gajiyayyu irin na Turai. A ɗakunansu suke tsufa, 'ya'ya da jikoki na jinya. Da tari ya kama dattijo, sai a ruga kemis a sayo kafson kashe ƙwayoyin cuta, a ba shi biyu, a adana sauran.

Jinjinata ga ma'aikatan lafiya na Jega, Aliero da Maiyama, har da waɗanda kwalejin lafiya ta Jega ta yaye, masu iya duban mai furfura su ce: "Baba, mura ce, wannan maganin ba ya kashe ta." Maganar da nauyi, domin a wurinmu wanda ya hana allura ko kafso cewa ake bai iya aiki ba. Su kuwa sun san ƙodar tsoho ba ta tace magani kamar ta saurayi, kuma shan kafson barkatai ke koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, abin da ya hallaka mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019.

In sun zargi ciwon mafitsara, gwajin fitsari suke fara nema. In magani ya wajaba, su ƙayyade kwanaki, su ja kunnen jika kada a ɗiba wa maƙwabta.