Tarihin Imam a Gaskiya: Ina rabon mai karatun Hausa?

Mai karatu, in dai ka taɓa shan daɗin Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce, to akwai wani littafi da ya kamata ka san da zaman sa, wato The Abubakar Imam Memoirs. Alhaji Abdurrahman Mora ne ya tace shi, kamfanin NNPC na Zariya ya buga shi a 1989, shekara 8 bayan rasuwar Alhaji Abubakar Imam.

Wannan ba ƙagaggen labari ba ne. Ma'aikaci ne ya ke waiwayen rayuwar sa, musamman zaman da ya yi a Gaskiya. Za ka ga yadda malamin Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutu ta 1933, yadda Dakta Rupert East ya aro shi zuwa Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, da yadda ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A gaban idon sa Hukumar Talifi ta rikiɗe ta koma Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945. Sama da shekara goma ya yi a wannan gida.

Babbar fa'idar littafin ita ce ya nuna maka cewa Imam bai faɗo daga sama ba. Koyon aikin ya yi, aka gyara masa, shi ma ya gyara wa na baya. Marubutan mu masu gama littafi yau su kai maɗaba'a gobe, ba wanda ya duba masu, su na da darasi a nan.

To amma fa akwai gyara. Na farko, siyasa da hulɗa da manya sun cinye wuri da yawa. Tafiyar sa Ingila a 1943 da wasiƙun sa da Lugga tarihi ne mai daraja, ba musu. Sai dai mai sha'awar adabi zai tashi da sauran ƙishirwa. Ta yaya aka riƙa ƙirƙiro kalmomin da aka ba Bahaushe labarin Yaƙin Duniya na Biyu da su? Su wa ke jera baƙaƙe, su wa ke duba kurakurai kafin jarida ta fito? Kamfani ai ba edita kaɗai ba ne.

Na biyu, wanda ya fi ciwo, da Turanci littafin ya fito. Ka ji fa! Mutumin da ya koya wa Arewa karatun jarida da harshen ta, ga tarihin sa nan a harshen da akasarin masu karatun sa ba su ji. Matar aure da ke karanta labarin aku Wazirin Sarki a tsakar gida, ina rabon ta?

Shawara ta ita ce ka nemi littafin ka karanta, ko ka sa a karanta maka. Masu maɗaba'a kuma su dubi Allah su wadata kasuwa da shi cikin Hausa. Tsofaffin ma'aikatan jaridun mu da gidajen rediyo da su ka rage, a je masu da rakoda tun su na da rai, domin abin da ke kan su ba ya cikin fayil ɗin kowane ofis.

Allah ya jiƙan Imam, amin.