Kyakkyawar Niyya da Alfarmar Jini: Nazari a Kan Kisan Kaisar a Wasan Shekisfiya

Wasan kwaikwayon Juliyos Kaisar, wanda Wiliyam Shekisfiya ya rubuta wajen shekarar 1599, ya ginu ne a kan abin da ya auku a birnin Rum ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ranar da wasu 'yan majalisar dattawa suka far wa shugabansu da wuƙaƙe. Tun kafin Shekisfiya masana sun saɓa game da Burutus, jigon makasan. Wasu na ganinsa gwarzon da ya fifita ƙasa a kan aboki, yayin da mawaƙin Italiya Dante ya jefa shi can ƙasan wuta tare da manyan maciya amana. Rumawa ba su rayu a ƙarƙashin Shari'a ba, amma ƙa'idojinta ma'auni ne da za mu iya gwada hujjar Burutus da shi, kuma ra'ayin wannan maƙala shi ne hujjar ba ta tsaya ba.

Adalci ne a fara da abin da masu kare shi ke riƙo da shi. Kaisar ba waliyyi ba ne. A tarihi an naɗa shi mai cikakken iko har iyakar ransa. A cikin wasan, an rufe bakin wakilan talakawa biyu don sun cire ado daga gumakansa, kuma dab da mutuwarsa ya kamanta kansa da tauraron arewa da ba ya gusawa. Burutus kuwa mutum ne mai kamun kai. Ya hana a kashe Antoni, ya kuma yi wa abokinsa Kasiyas faɗa kan cin hanci. Antoni ma, abokin gabarsa, ya shaida a ƙarshe cewa shi kaɗai ne ya shiga lamarin don maslahar jama'a, sauran hassada ce ta tura su.

Sai dai tun daga tushe ginin ya karkace. A daren da Burutus ke shawara da zuciyarsa a lambu, ya yarda cewa bai taɓa ganin son rai ya rinjayi hankalin Kaisar ba. Abin da yake tsoro shi ne abin da Kaisar zai iya zama idan ya sa kambi, don haka ya ɗauke shi ƙwan maciji da ya kamata a fasa tun bai ƙyanƙyashe ba. Wannan hukunci ne a kan laifin da ba a aikata ba. A wurin malaman fiƙihu, asali shi ne mutum kuɓutacce ne har sai laifi ya tabbata, kuma ko haddi ana tunkuɗe shi da shubuha. Wani zai ce ai toshe kafar ɓarna ƙa'ida ce sananniya. Haka ne, amma aikinta shi ne hana abin da yake halal don gudun ya kai ga haram. Ba ta halatta jinin mutum saboda zato.

Aibi na biyu shi ne shaidar da ya dogara da ita. Kasiyas ne ya rubuta wasiƙu da salon hannu daban-daban, ya sa aka ajiye su inda Burutus zai tsinta, kamar mutanen Rum ne ke kiransa ya cece su. Burutus ya karanta, bai tambayi wanda ya aiko ba, domin sun dace da abin da ke ransa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da bin diddigin labari don gudun cutar da mutane cikin jahilci, a dawo ana nadama. Tarihinmu ma ya san sharrin takarda irin wannan: masu tawayen da suka kashe Sayyidina Usman (RA) a shekara ta 35 bayan Hijira sun kafa hujja da wasiƙar da ya rantse bai rubuta ba. Ba muna daidaita Halifa shiryayye da Kaisar ba ne, hanyar fitinar ce iri ɗaya.

Na uku shi ne yadda aka yi kisan. Makasan sun je gidan Kaisar da safe, ya tarbe su a matsayin abokai, suka raka shi majalisa, suka durƙusa kamar masu roƙon afuwa ga wani da aka kora, sannan Kaska ya fara suka ta baya. Babu tuhuma, babu alƙali, babu damar kare kai. Wannan shi ne kisan mamaya da hadisi a Sunanu Abi Dawud ya hana mumini. Burutus ya so a kira su masu ba da hadaya maimakon mahauta, amma sauya suna ba ya sauya haƙiƙar abu.

Sannan a dubi abin da ya biyo baya. Jawabin Antoni ya tunzura jama'a har suka kashe wani mawaƙi mai suna Sinna don kawai sunansa ɗaya da na wani daga makasan. Antoni da Oktabiyas da Lefidas suka zauna suna lissafa waɗanda za a kashe, har Lefidas ya amince da sunan ɗan'uwansa. Yaƙin Filibi na shekara ta 42 ya ƙare da Kasiyas da Burutus sun zaɓi mutuwa da takubbansu. A shekara ta 27 Oktabiyas ya zama Agustas, mulkin mutum ɗaya ya kafu. An gudu ba a tsira ba. Irin wannan ne ya sa jumhurun Ahlus Sunna suka hana ɗaukar makami a kan shugaba azzalumi, suka bar ƙofar nasiha da faɗin gaskiya a buɗe, domin ba a gusar da cuta da wadda ta fi ta. Duk da haka, ko da makasan sun yi nasara, aibobi ukun farko suna nan daram.

Malamai sun shardanta abu biyu ga aikin ƙwarai: tsarkin niyya da dacewa da gaskiya. Shekisfiya ya ba Burutus na farko, ya hana shi na biyu. Kasiyas ya san cewa ba tare da mutuncin Burutus ba, jama'a za su ga kisan a matsayin ta'addanci tsagwaronsa, shi ya sa ya nace sai ya jawo shi. Ibn Muljam ma, da ya sari Sayyidina Ali (RA) a shekara ta 40 bayan Hijira, yana ganin ibada yake yi. Mai zubar da jini da tsarkin zuciya ya fi mai hassada haɗari, domin shi mutanen kirki ke bi. Allah ne mafi sani.