Agadas a Bakin Masu Talla

A watan Janairun 2009 wata mota ta kamfanin Volkswagen, wadda aka laƙaba wa suna Race Touareg, ta zo ta ɗaya a tseren Dakar, ta kuma maimaita a 2010 da 2011. Duk sau ukun nan a Ajantina da Cile aka yi tseren, can Kudancin Amurka. Kamfanin na Jamus ne, direbobin da suka ci kuwa ɗan Afirka ta Kudu ne da ɗan Sifen da ɗan Katar. Abin da ya yi saura na Sahara a cikin sha'anin bai wuce sunan birnin Dakar da sunan Abzinawa da aka rubuta a jikin mota ba, sai kuma tambarin gasar, wato hoton kan mutum naɗe da rawani, ya ja amawali, idanu kaɗai a waje. Tun 2020 a Saudiyya ake yin tseren, tambarin kuma yana nan yadda yake. Wanda yake son gane abin da sana'ar talla ta zamani ta yi da al'adun ƙasar Abzin, to ya fara da wannan rawani da ya yi ƙaura ya bar mai shi a gida.

Dangantakar ta samo asali ne daga Thierry Sabine, Bafaranshen da ya ɓata a cikin Tenere a 1977 yana tseren Abijan zuwa Nis, aka ceto shi da ƙyar, ya koma gida da shawarar shirya nasa tseren. Zagayen farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa ta Agadas. Babur ɗin Yamaha ne ya ci a 1979 da 1980, kuma a 1983 kamfanin ya fito da sabon babur ya sa masa suna Ténéré, sunan da yake amfani da shi har yau. A harshen Tamajak kalmar tana nufin fili fetal, inda babu rijiya babu mutum. Wannan ma'ana ita masu talla suke so, ita ce kuma suka shimfiɗa a kan jahar baki ɗaya.

Adalci ne a faɗi cewa garin ya ci moriya. Masaukai sun cika, makanikai da direbobin kat-kat da ƴan rakiya sun samu aiki, a 1997 ma sunan gasar kansa Dakar-Agadas-Dakar ne. Kuma da ɗan gari akan ci gari: Mano Dayak, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages, abokin aikin Sabine ne, ya fahimci abin da Turawa suke marmarin gani, ya kuma iya sayar masu da shi. Daga baya, a lokacin tawayen shekarun 1990, da wannan hoto ne ya nemo wa mutanensa masu saurare a Faransa, kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama ranar 15 ga Disamba 1995. Saboda haka ba a cewa an yi wa Agadas fashi tana barci. Wasu ƴaƴanta sun taya an ɗinka rigar, sun kuma san amfaninta.

Talla kuwa ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Yarinya mai tallan fura tana da nata kira, sankira yana da shela, maroƙi yana da kirari, kuma kowanensu yakan ƙara gishiri. Sai dai kirari yana da ƙa'ida: maroƙi yakan ambaci mutum da sunansa, ya kawo ubansa da kakansa da garinsu da abin da suka aikata, mai kirarin yana zaune yana ji, in an yi kure ya gyara. Tallar kamfani ta juya wannan ƙa'ida. Tana ɗaukar sunan al'umma guda ta yi wa ƙarfe kirari da shi, don mai saye a Turai ya ji cewa motarsa tana da juriya irin ta mutanen hamada. Mutanen da aka ari sunansu ba sa wurin, ba a tambaye su ba, ba su da bakin gyara. Tun daga 2002 da motar Touareg ta shiga kasuwa, yaro a Jamus yana iya sanin kalmar shekara da shekaru kafin ya ji cewa akwai masu amsa ta.

Hoton da ake maimaitawa a allunan talla da mujallun yawon buɗe ido kusan guda ne: tudun rairayi da hantsi ko da almuru, raƙumi, namiji ɗaya mai shuɗin rawani yana duban nesa, bai ce uffan ba. Abin lura shi ne abin da aka fitar daga ciki. An fitar da birni mai mutum fiye da 100,000 a ƙidayar 2012, mai fadar Sarkin Abzin da tsofaffin unguwanni 11, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. In hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, ta shigo hoton, sai a ɗauke ta ita kaɗai daga ƙasa zuwa sama, kamar babu masu salla a gindinta. An fitar da Agadasawa da Hausarsu, wadda Heinrich Barth ya tarar ana ciniki da ita a garin tun Oktoban 1850. An fitar da Tubawa da Fulani da Larabawa, da masu lambu na Timiya da Tabelot waɗanda albasarsu da lemunsu suke cika motoci zuwa kudu. Mata kuwa, masu dukancin fata da saƙar tabarmi, ba su cika samun shiga ba sai in ana son ado.

Hasali ma rawanin nan da ya zama alamar kaɗaici, shi kansa shaidar cuɗanya ne. Turkuɗi mai ƙyalli da Abzinawa suke naɗawa ranar salla, wanda shuninsa yake zuba a fata har Turawa suka kira su shuɗɗan mutane, aikin marina da mabuga ne na garin Kura, kusa da Kano. Ayarin da yake ɗauko kantun gishiri daga Bilma da Fashi shi ne yake gangarawa Damagaram da Kano, ya komo da gero da tufafi. Mutumin da mai talla ya tsayar shi kaɗai a kan tudu, ɗan kasuwa ne mai abokan hulɗa da bashi da lissafi, kuma da Hausa yake yin su. Ba ƙaramar asara ba ce ga ɗalibi a ce wannan tarihi na ƙarnuka ya ɓace masa a bayan hoto guda.

Masu shirya fim ma sun bi sahu. A fim ɗin Bernardo Bertolucci na 1990, The Sheltering Sky, wanda aka ɗauki wani sashe nasa a Nijar da taimakon Mano Dayak, hamada madubi ce da wata Ba'amurkiya take duba damuwarta a ciki, mutanen ƙasar kuma maganarsu ba ta da nauyi a labarin. Shi kansa madugun ayarin, Belqassim, wani ɗan rawa ne na Paris mai suna Éric Vu-An ya fito a madadinsa.

Inda al'amarin ya fi ban damuwa shi ne sa'ad da hoton ya komo gida, ƴan gari suka soma kallon kansu da shi. Babu misalin da ya kai na ƙirar azurfar nan da duniya ta sani da gicciyen Agadas. Sunan gicciye daga Turawa ya fito. Maƙeran Abzin tanaghilt suke ce mata, daga kalmar da take nufin zubi. Aikin kuwa na haƙuri ne. Maƙeri yakan siffata ta da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, in ta huce ya fasa yumɓun, sa'an nan ya zauna da magagari da ɗan ƙarfen zane. Tun da sai an fasa mazubin, babu biyu da suke fitowa daidai, da yawa cikin maƙeran kuma sukan sa alamarsu da rubutun tifinar a bayanta. Kasuwar baƙi ce ta jera ƙirar ta zama 21 a kan allo guda, kowace da sunan gari: ta Ingal, ta Tawa, ta Damagaram, ta Iferwan, ta Bilma da sauransu, aka ƙara ta Mano Dayak bayan rasuwarsa. Tare da allon akwai labarin da kowane dillali ya hardace, wai uba ne yake miƙa ta ga ɗansa a matsayin kusurwoyi huɗu na duniya, tun da mutum bai san inda zai mutu ba. Labarin yana da daɗi, yana kuma sayar da kaya, shi ya sa ya danne abin da ake gani da ido, wato cewa a wuyan mata aka fi ganin wannan ƙira, ado ce kuma ajiya ce ta ranar buƙata. Ba aibu ba ne maƙeri ya ƙago sabon abu don kasuwa, dama haka sana'a take rayuwa. Aibun yana wurin malamin da zai koyar da takardar dillali a aji kamar tarihi ce.

Malaman sakandare sun san alamar wannan cuta. In an ce ɗalibi ya siffanta garinsu da Faransanci, sau da yawa lu'ulu'un hamada da ƙofar Sahara ne suke fitowa, kalmomin da ya tsinta a allon talla. Bikin Biyanu da ya yi rawa a cikinsa, da unguwarsu, da kabu-kabun yayansa, ba ya ganin sun cancanci shiga rubutu.

An yi ƙoƙarin gyara rabon, ko da yake bai kai inda ake so ba. A shekarun 1990 kamfanin Hermès na Paris ya ba maƙeran Agadas aikin maɗaurin ɗamara da wasu kayan azurfa, aka kuma nuna irinsu a baje kolin Art of Being Tuareg da aka buɗe a Amurka a 2006. Wannan ya fi aron suna kawai nesa ba kusa ba, domin hannun da ya yi aikin ya karɓi lada. Amma sunan da mai saye yake alfahari da shi na kamfanin ne. Alphadi ya bi wata hanyar: a Nuwamban 1998 ya kai bikin FIMA na farko gindin dutsen Tigidit, kudu da Agadas, ya gayyato manyan gidajen ɗinki na duniya su zo su tarar da na Afirka a gida. Wannan karon ɗan Nijar ne ya riƙe akalar, ko da yake hamadar ta sake zama shimfiɗa ga idon baƙo. Da bikin ya koma Yamai a 2000, ƙungiyoyin addini suka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi, abin da ya nuna cewa jama'ar gida ma suna da ta cewa kan yadda ake tallata su.

Hoton talla bai ɗaukar nauyin kowa. Da aka ji barazana a 2000, sai aka kwashe ƴan tseren da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya, aka tsallake arewa. A 2008 aka soke gasar, ta bar Afirka. Tawayen 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikata a Arlit a Satumban 2010 suka ƙarasa yawon buɗe ido. Baburan Ténéré da motocin Touareg suka ci gaba da fita daga masana'anta, maƙera da ƴan rakiya suka zauna hannu rabbana: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Daga nan aka ɗinka wa garin riga ta biyu. Bayan dokar 2015-36 ta hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamban 2023, ƴan jaridar Turai suka mai da Agadas tashar masu ƙetare hamada, allunan gargaɗi na ƙungiyoyin agaji suka hau tituna. Launi ya canza, amma a nan ma garin hanya ce kawai da wasu suke ratsawa.

Shi ya sa ɗan fim ɗin nan na 2015, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, ya cancanci a kai shi aji duk da ƙarancin kuɗin da aka yi shi da su. Mdou Moctar ya fito a matsayin makaɗin gita da ya zo Agadas neman suna, ga kishiyoyi, ga uba mai ƙyamar kiɗa, ga waƙoƙi suna yawo daga waya zuwa waya. Ana ganin lunguna da gidajen ƙasa da samari masu gardama, mutane suna magana da bakinsu. Ba za a ɓoye ba, Ba'amurke ne, Christopher Kirkley, ya ba da umarni, zaren labarin kuma daga fim ɗin Prince na 1984 aka aro shi. To amma wannan karon ƴan Abzin ne suka ari na waje suka yi wa kansu riga da shi.

Saura batun doka. A Fabrairun 2021 shugaban al'ummar Cherokee a Amurka, Chuck Hoskin Jr., ya nemi kamfanin Jeep ya daina sa sunansu a jikin motocinsa. Ya iya yin haka ne don al'ummarsa tana da hukuma guda da take magana da yawunta. Abzinawa suna warwatse a ƙasashe biyar, sunan al'umma kuma abu ne mai wuyar karewa a kotu. Aikin hannu ya fi sauƙi. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI ta yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma kilishin Nijar da albasar Galmi sun riga sun samu rajistar alamar asali a can. Kafin azurfar Agadas ta bi wannan hanya, sai ƙungiyoyin maƙera sun zauna sun rubuta ƙa'ida: adadin azurfar da za a yarda da shi, ko dole sai zubi da kaki, da matsayin ɗan gidan maƙera da ya koma Yamai da uwar maƙerarsa tun da baƙi suka ɗauke ƙafa. Za su kuma yanke sunan da za a rubuta a takardar, tanaghilt da masu aikin suke kira, ko kuwa na Faransanci wanda kasuwa ta sani.