Murya da Kalma a cikin Waƙoƙin Majami'a na Hausa

Tun wajen shekara ta 400 Agustin, limamin Hippo ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta cewa yana ganin kansa mai laifi duk lokacin da zaƙin waƙa ya fi ratsa shi bisa ga maganar da ake rerawa. Wannan tsohuwar gardama ta sami sabon fili a ƙasar Hausa, gama Hausa harshe ne da ke rarrabe ma'ana da tsawon wasali da kuma karin sauti.

Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Littafin Waƙoƙi, wanda majami'un Maraɗi da Tsibiri da Galmi suka gada, yawancinsa fassara ne daga Ingilishi, kuma an bar kowace waƙa da muryarta ta asali. Mafassara sun ƙirga gaɓoɓi don su cika layi, amma sau da yawa ba su auna nauyinsu ba. Alhali karin waƙar Hausa, ta baka ko rubutatta, a kan jerin gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tsaye.

Illar a fili take. In murya ta ja gaɓar farko ta "duka", sai jimla ta koma bugu. In ta ja ta "gari", birni ya zama abin tuƙa tuwo. Wanda ya haddace waƙar ba ya ruɗewa, amma baƙo da yaro abin da kunne ya ji suke ɗauka.

Waƙoƙin zumuntar mata sun bi wata hanya. Jagora ta bayar, sauran su amsa, tulu da caki suna riƙe da kiɗa, murya kuma daga kalma take fitowa. Ƙarancin baitocinsu na iya rage zurfin koyarwa, amma maganarsu tana isa kunne lafiya.

Abin lura ga masu tsara yaƙi da jahilci shi ne, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Mai koyon karatu da littafin waƙa kunnensa ne malaminsa. Saboda haka ya kamata duk mai sabunta irin wannan littafi ya fara tsara baiti bisa nauyin gaɓa, sannan a nema masa muryar da za ta dace da shi.