PhET: Ɗakin Gwajin da Ya Shiga Aljihun Ɗalibi

Duk malamin kimiyyar da bai san PhET ba, ina roƙonsa da girman Allah ya neme shi yau, kada ya bari sai gobe. Na daɗe ina bin shafukan koyar da kimiyya a intanet, masu bidiyo da masu tsofaffin tambayoyin jarrabawa da masu dogon bayani, kuma ba na raina ko ɗaya, kowanne da ranarsa. Amma babu wanda ya kwanta mini a rai kamar wannan. Galibinsu zaunar da yaro suke yi su yi ta zuba masa bayani. Shi kuwa PhET kayan aiki yake miƙa masa, ya ja gefe, ya bar shi ya taɓa, ya ɓata, ya gyara, har ya gano da kansa.

Shafi ne na Jami'ar Colorado da ke garin Boulder a Amurka. A cikinsa akwai gwaje-gwajen kwaikwayo fiye da 150, na fizis da kemistri da bayoloji da lissafi da ilimin ƙasa, tun daga na 'yan firamare har zuwa na 'yan jami'a. Ɗalibi ba ya biyan ko sisi, ba a tambayarsa suna, ba a cusa masa talla. Danna kawai zai yi abu ya buɗe.

Wanda ya fara kama ni, kuma har gobe shi ne na gaban goshina, shi ne na haɗa wutar lantarki, wanda suke kira Circuit Construction Kit. Fili ne shuɗi fayau, a gefensa ga waya, ga batir, ga ƙwan lantarki, ga makunni. Da yatsa za ka jawo batir, ka jawo ƙwai, ka ɗaura waya nan da can. Da zarar da'irar ta rufe sai ƙwan ya kama, haske ya bazu. To a nan ne abin mamakin yake: cikin wayar sai ka ga 'yan ƙwallaye shuɗɗa suna tafiya a jere. Su ne elektron ɗin da muka shekara muna zana wa yara da alli muna cewa su ɗauka suna motsi. Ga su nan suna motsin a idon kowa. Ka ƙara ƙarfin batir su ƙara sauri, ƙwan ya ƙara haske. Ka buɗe makunni su tsaya cak, dukkansu a lokaci guda, na kusa da batir da na nesa.

Batirin da ake fara ba ka na bolt 9 ne, ƙwan kuma turjiyarsa om 10. Ka ɗora mita, sai ta nuna maka amfiya 0.9. Ka jera ƙwai biyu a kan hanya ɗaya, hasken kowanne ya dushe, mita ta sauko 0.45. Ka warware, ka ba kowane ƙwai tasa hanyar, sai su biyun su haska sosai, batir kuwa yana fitar da amfiya 1.8. Dokar Ohm ke nan gaba ɗayanta, ba tare da an ce wa kowa ya haddace komai ba. Kuma a nan take yaro zai gane dalilin da ya sa idan ƙwan ɗakin mahaifiyarsa ya mutu na tsakar gida ba ya mutuwa.

Akwai wani kuskuren fahimta da kusan kowane ɗalibi ke shigowa aji da shi, wato zaton cewa ƙwai shanye wutar yake yi, don haka abin da ya fita daga cikinsa bai kai abin da ya shiga ba. Na sha yin bayani har maƙogwarona ya bushe, a ce mini "mun gane, Malam", a zo jarrabawa a maimaita kuskuren. Ran da na haska wannan gwajin a bango da majigi, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu.

"Malam, don Allah a sa mitar kafin ƙwan, sannan a mayar da ita bayansa."

Na ce, "Taso ki sa da kanki."

Ta taso tana noƙewa, ta ja mitar ta ɗora a gaba: 0.9. Ta mayar baya: 0.9. Ta tsaya tana kallon bangon, sannan ta juyo ta ce, "Ashe ba ya rage komai. To me yake ci ke nan?" Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Wannan tambayar ita ce ƙofar darasin makamashi, kuma da bakinta ta buɗe ta.

Su kuwa mazan aji, abin da ya fi burge su shi ne gobara. Idan ka haɗa kan batir da gindinsa da waya tsura, ba ƙwai ba komai, sai elektron su zabura a guje, batirin ya kama da wuta. Ihu ajin ya ɗauka. Ba wanda ya ƙone, ba batirin da aka yi asara, ba wanda aka ce gobe ya zo da mahaifinsa ya biya kuɗin kayan makaranta. Sai a saka fis a cikin da'irar a sake gwadawa, a ga yadda yake tsinkewa ya ceci sauran kayan. Akwai kuma tarkacen da aka ajiye don a gwada ko wuta na bi ta cikinsu: tsabar kuɗi, takardar dala, magogin fensir, fensir ɗin kansa, hannun mutum, har da kare. Wanda ya tsara wannan ya san halin yara ciki da bai.

Ba banza ba abin ya yi kyau haka. Wanda ya kafa PhET a 2002 shi ne Carl Wieman, masanin fizis ɗin da ya ci kyautar Nobel a 2001 tare da Eric Cornell da Wolfgang Ketterle. A 1995, a can Boulder, shi da Cornell suka sanyaya ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam har kusa da ƙarshen sanyin da zai yiwu a halitta, suka samar da wani yanayi na abu wanda Satyendra Nath Bose da Albert Einstein suka yi hasashensa tun wajen 1924 zuwa 1925. Mutumin da ya kai wannan matsayi da ya ga dama sai ya miƙe ƙafa ya ci gajiyar sunansa. Sai ya ɗebi kuɗin kyautar ya zuba a aikin koyar da yara. Wannan kaɗai ya isa ya sa in riƙa ganin girmansa. A 2020 aka ba shi kyautar Yidan ta binciken ilimi, kuma ni a ganina ta je inda ya dace. Kathy Perkins, wadda ita ma masaniyar fizis ce, ita ta daɗe tana jan ragamar aikin.

Yadda suke ƙera kowane gwaji ma abin koyi ne. Kafin su sake shi, sai sun zaunar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, a ba yaro gwajin ba tare da an gaya masa komai ba, a ce ya yi ta wasa da shi yana faɗin abin da ke ransa. Inda ya rikice a koma a gyara. Shi ya sa ba ka buƙatar littafin jagora. Hannunka ne zai kai ka inda ake so ka je. Kuma sun gwada abin a aji. A wani bincike da Noah Finkelstein da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, ɗaliban jami'ar da suka yi darasin lantarki da wannan gwajin na kwamfuta sun fi waɗanda suka yi da batir da waya na gaske fahimtar darasin, har ma da aka ba kowa kayan gaske aka ce ya haɗa, su suka fi saurin gamawa. Dalilin a fili yake, su sun riga sun ga abin da ke gudana a cikin wayar.

A kemistri, States of Matter ne ke sa ni murmushi kullum. Tukunya ce a rufe, ka zaɓi niyon ko agon ko iskar oksijin ko ruwa, ka hura wuta a ƙasa ko ka sa ƙanƙara. Ka ga ƙwayoyin suna rawar ɗari a wuri guda, su fara zamewa a kan juna, can su watse su cika tukunyar. Amma ka daskarar da ruwa ka gani. Maimakon ƙwayoyinsa su matse kamar na sauran, sai su yi sahu mai ramuka a tsakani, su ci wuri fiye da dā. Ga amsar abin da duk mai sayar da ƙanƙara ya sani a aikace: gorar da aka cika maƙil tana kumbura a firiza, ƙanƙara kuma tana yawo a saman randa. Build an Atom kuwa bokitai uku ne, na furoton da niyutron da elektron, kana jefawa ɗaya-ɗaya sunan sinadarin yana canzawa a jadawali, daga haidurojin har niyon. Na daidaita lissafin sinadarai yana da sikeli. Sai ka sa naitirojin 1 da haidurojin 3 sun ba da amoniya 2 kafin sikelin ya daidaita, fuska mai dariya ta fito. Na ga manya da gemunsu suna murna da wannan fuskar.

Ga masu shirin WAEC da NECO, Pendulum Lab alheri ne. Gwajin lilo yana daga cikin waɗanda aka saba kawowa a firaktikal, kuma makarantu nawa ne yaro zai gama ajin ƙarshe bai taɓa riƙe agogon awo ba? A nan ga igiya, ga nauyi, ga ruwla, ga agogo. Ka sa igiyar mita 1, lilon ya je ya dawo cikin kusan daƙiƙa 2. Ka ninka nauyin, lokacin bai canza ba, yara su yi ta musu har sai sun sake aunawa. Ka ɗauke gwajin ka kai shi duniyar wata, inda ƙarfin jan ƙasa bai wuce 1.62 ba maimakon 9.81 na nan, lilon ya riƙa tafiya a hankali yana cin kusan daƙiƙa 5. Sannan ga wata duniya da suka kira Planet X, an ɓoye ƙarfin janta, an bar wa ɗalibi ya auna ya lissafo. Ban taɓa ba da aikin gida da aka yi da zumuɗi irin wannan ba.

Idan hunturu ya shigo kuwa, na buɗe John Travoltage. Wani mutum ne yana goga ƙafa a kan kafet, caji yana taruwa a jikinsa, ya miƙa yatsa wajen mariƙin ƙofa, tartsatsi ya yi tsalle. Babu yaron Arewa da bai san wannan tas-tas ɗin ba sa'ad da yake cire rigar sanyi da dare, ko ɗan fizgar da ƙofar mota ke yi masa a watan Janairu. Da ma ya san abin a jikinsa, dalilin ne bai sani ba.

Bayoloji bai kai fizis yawa a shafin ba, amma Natural Selection ya biya. Zomo fari ɗaya za ka fara da shi, ka kawo masa abokiyar zama, su hayayyafa. Ka shigo da sauyin halitta mai ba da gashi ruwan ƙasa, ka sako kyarketai. A ƙasa mai zafi fararen ne ke ƙarewa, ka mayar da su ƙasar dusar ƙanƙara labari ya juye. Idan kuma ka bar su ba maƙiyi ba yunwa, sai su cika duniya har gwajin ya tsaya. Har bishiyar zuri'a akwai, wadda za ka bi ka ga daga wane kaka zomo ya gaji kamanninsa.

Na san abin da abokan aikina za su ce: ina data, ina wuta, ina kwamfuta? Nan ma PhET ya yi mana adalci. Tun daga 2013 suka fara mayar da gwaje-gwajen zuwa tsarin HTML5, wanda ke buɗewa a wayar hannu da kwamfuta ba tare da an girka wani abu ba. Kowane gwaji fayil ɗaya ne marar nauyi. Ka sauke shi sau ɗaya inda ka sami sabis, ka zuba a filashi ko ka tura wa na kusa da kai, ya yi ta aiki ko a ƙauyen da ba a san intanet ba. Akwai manhajarsu ta waya da ake saya da ɗan kuɗi kaɗan, ga wanda yake son ya tara su wuri guda. Kwamfuta ɗaya da majigi sun isa aji guda. Ba majigin ma, wayoyi ƙalilan a raba yara rukuni-rukuni, aiki ya tafi. Malamin da ya yi rajista, ita ma kyauta, zai sami dubban tsare-tsaren darasi da malamai daga ƙasashe daban-daban suka rubuta suka ajiye don kowa ya ɗauka.

Ba su manta da masu lalurar gani ba. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen an sa musu sauti da bayanin da na'ura ke karantawa, ana kuma sarrafa su da madannan kwamfuta kaɗai, ta yadda makaho zai ji caji yana taruwa, ya ji tartsatsin ya tashi. An fassara gwaje-gwajen zuwa harsuna fiye da 100, yawanci da hannun 'yan sa kai, domin ƙofar fassarar a buɗe take ga duk malamin da ya ga zai iya. Ina kira ga malamanmu na kimiyya masu ƙwarewa a Hausa, na Nijeriya da na Nijar, su shiga wannan aikin da ƙarfinsu.

Ba na cewa a rufe ɗakin gwaji. Yaro yana buƙatar ya riƙe biret da hannunsa, ya ji warin amoniya, ya ga ruwa ya sauya launi da ɗigo ɗaya, kuma ranar jarrabawa kayan gaske za a ajiye masa. Sai dai wanda ya fara wucewa ta PhET yana isa gaban kayan nan da idon da ya san abin da yake nema. Burina yanzu su ƙara mana na bayoloji, musamman zagayawar jini da yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana, su kuma ƙera cikakken gwajin taitireshan irin wanda ake kawo wa ɗalibanmu kowace shekara. Wanda zai fara yau, ya fara da na haɗa wutar lantarki, ya kira yaro ɗaya ya miƙa masa wayar, kada ya gaya masa inda zai danna.