Wane Littafi Ga Wane Yaro? Tsokaci Kan Matakan Karatun 'Ya'yanmu

Duk lokacin da uba ya tambayi malamin Hausa littafin da ya dace ya saya wa ɗansa, amsar ba ta wuce Magana Jari Ce. Ɗan shekara bakwai shi za a ba, ɗan sha bakwai ma shi ne. Ba muna musun darajar wannan littafi ba ne, Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam. Abin da muke cewa shi ne karatu tsani ne, kuma ba a fara hawan tsani daga tsakiya. Mu da ke karɓar yaran Balan da na sauran garuruwan Gaya da Ajingi a sakandare muna ganin abin da tsallaken mataki ke haifarwa. Yaro yana haɗa baƙi da wasali da ƙyar, sai a ɗora masa littafin da ya fi ƙarfinsa, daga nan ya ɗauki karatu a matsayin horo.

A ganinmu, abu uku ya kamata a auna kafin a miƙa wa yaro littafi: nauyin Hausar da ke ciki, da tsawon labarin, da kuma abin da zuciyar yaron za ta iya ɗauka. Sunan marubuci ko yawan wa'azin da ke cikin littafi ba su isa ma'auni ba.

Daga Shekara 4 Zuwa 7

A wannan mataki kunne ke karatu kafin ido. Babu abin da ya kai tatsuniya, domin maimaici da 'yar waƙar da ke cikinta su ne ke riƙe hankalin yaro. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya yi mana babban aiki da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littattafai shida. Ba yaro za a miƙa wa su ba tukuna, uwa ko yaya ko malami ne zai riƙa karanta masa Gizo da Ƙoƙi da babbar murya. In ya fara gane baƙaƙe, sai a bi da shi ta Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu. Sunayensu kaɗai sun nuna cewa magabata sun san da rarrafe yaro kan tashi. Aibinsu ɗaya, duniyar da suke nunawa ta tsufa, yaron yau ba zai ga abubuwa da dama na rayuwarsa a ciki ba.

Daga Shekara 8 Zuwa 12

Nan ne muhallin littafin farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937. Hikimar Imam ita ce ya sa Aku yana riƙe Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita, shi kuwa mai karatu yana ɗokin jin abin da zai biyo baya. Kowane labari ana iya gama shi a zama ɗaya. Amma littafi na biyu da na uku Hausarsu ta fi nauyi, habaici da zaurance sun fi yawa, don haka a jinkirta su.

Yaran wannan mataki suna son jarumta da abin mamaki. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin gurgun da ya miƙe ya zama barde, ya dace da su ƙwarai. Haka ma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya tun 1969.

Ruwan Bagaja fa? Mutane kan ruɗu da ƙanƙantarsa. Wasan da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe na yaudara ne da ramuwa, kuma daɗinsa yana ga wanda ya iya bambanta raha da abin koyi. Ɗan shekara takwas zai ɗauki dabarar cuta ya bar darasin. A bari sai ya kai sha biyu.

Daga Shekara 13 Zuwa 15

Yanzu yaro ya fara gane cewa ba kowane labari ke ƙarewa da daɗi ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya, yana koya wa ɗalibi tarihin bauta ta hanyar wahalar uwa mai neman ɗanta. Ba a ba ƙaramin yaro shi, domin satar yaro da rabuwa da uwa abin firgita ne a gare shi.

Littafin da muke ganin ya fi kusa da yaranmu na karkara shi ne Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya yi magana kan saurayin da ya bar ƙauye don ruɗin birni. Duk wanda ya ga yadda samarin yankinmu ke kwarara Kano da zarar an gama girbi ya san ba tatsuniya ba ce. Ga 'yan mata kuwa, da ma samarin, akwai Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole.

Daga Shekara 16 Zuwa Sama

Waɗannan sun isa a yi muhawara da su. A ba su Jiki Magayi su auna inda ɗaukar fansa ke kai mutum, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina su ga ɓarnar fasa-ƙwauri da cin hanci. Littattafan soyayya da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansu a shekarun 1990, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ba ma goyon bayan a hana su baki ɗaya. Su ne suka koya wa 'yan mata da yawa son karatu. Hani ba ya hana komai a zamanin da labarai ke yawo a waya ba mai tacewa. Gara malami ya karanta, ya zaɓa, ya tattauna da ɗalibansa.

Kira Ga Marubuta

Mai karatu zai lura cewa kusan duk littattafan da muka ambata na matakai biyun farko sun haura shekara hamsin. Wannan abin kunya ne gare mu. Marubutanmu sun taru a kan soyayya da rikicin kishiyoyi, an bar ɗan shekara shida ba mai yi masa rubutu. Hatta gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, duk da alherinta ga mata marubuta, ba domin littattafan yara aka kafa ta ba. Ga shi kuma uban da ke Balan, ko yana da niyya, yawanci sai ya yi tattaki zuwa Kano kafin ya ga littafin saye.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ware gasa ta musamman don littattafan yara, masu zane da manyan baƙaƙe da gajerun jimloli, waɗanda ke maganar gona da kiwo da ranar kasuwa. Wanda ba a koya masa son littafi yana ɗan shekara shida ba, da wuya ya sayi namu in ya kai ashirin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.