Riƙon Abdulkarim: Na Sake Karanta Shaihu Umar a Tahaggart

Karon farko da na karanta Shaihu Umar ina yaro ne a Damagaram. Wani kawuna ya zo da shi daga Kano, bangonsa duk ya yage. Abin da na riƙe a lokacin bai wuce kura da guguwar hamada ba. Abdulkarim kuwa, Balaraben da ya ɗauki Umar ya mai da shi ɗa, na ɗauke shi mutumin kirki wanda babu abin cewa a kansa, haka kuma na bar shi a raina shekara da shekaru. Bana na sake karanta littafin a shagona na ɗinki da ke Tahaggart, a nan Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, da wani yaro ɗan shekara bakwai zaune kusa da keken yana tsintar ƙyalle. Yaron ba ni na haife shi ba. Wannan ne ya sa karatun ya zo mini daban.

Ga wanda ya manta, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin yana malamin makaranta, don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Shaihun malami ne a Rauta ta ƙasar Bauci yake ba almajiransa labarin asalinsa. Ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden da 'yan hassada suka sa aka kora. Uwar ta bar Umar a hannun wata ta tafi sallamar iyayenta a Fatika, aka sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, mutanen ƙauye suka tsinci yaron, masu farautar bayi suka kwashe shi zuwa Kano, daga nan Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa ta ƙasar Masar, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bi sawu, ita ma aka bautar da ita, ta bi ta Murzuk har Tarabulus.

Hanyar littafin ba ta biyo ta garinmu ba, ta gabas ta bi. Amma duk wanda ya zauna a Tahaggart ya san wannan uwa. Unguwa ce ta baƙi, da safe in ka fito za ka ji Hausa da Buzanci da Larabci da Bambaranci a layi ɗaya. Matan Kance da Matamaye suna ratso ta nan da yara, wasu nasu, wasu na aro, za su biranen arewa bara. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, 52 daga ciki yara ne. Daga ƙarshen 2014 aka fara mai da mutane Nijar a manyan motoci ta In Gezzam zuwa Asamaka. A irin wannan kamen ne aka tafi da uwar yaron da ke wurina, ta fita sayen gawayi, shi yana barci a ɗakin haya da ke manne da namu. Maiɗakina ta ji kuka da magariba ta shiga ta ɗauko shi. Ba mu zauna mun yi shawarar zama iyayen riƙo ba. Kwana ɗaya ya zama mako, mako ya zama wata, wata rana na ji yana ce mini Baba.

To da wannan idon na koma kan Abdulkarim, sai na ga tambayar da ban taɓa yi ba: a duk shekarun da Umar ya yi a gidansa, yaushe ya tashi neman uwar yaron? Mutum ne ɗan kasuwa mai bin ayari, ya san Kano, ya san wanda ya karɓi yaron daga hannunsa. Ya ciyar, ya tufatar, ya kai shi gaban malami, ban raina ko ɗaya ba, domin na san kuɗin takalmin yaro. Amma maganar uwa ba ta taso ba sai da Umar ya girma, ya yi mafarkinta, hankalinsa ya tashi. A nan Abdulkarim ya yarda suka kama hanya, wannan kam a ba shi. Sai dai an makara. Sun same ta a Tarabulus wahala ta gama cinye ta, ganin ɗanta bai daɗe ba ta cika.

Na ga masu sharhi da dama suna cewa littafin wa'azi ne kan haƙuri da ƙaddara, wasu kuma suna tuhumar Ɓalewa da sassauta wa cinikin bayi tunda ya ba mai sayen bayi kyakkyawar fuska. Ni ina ganin duka biyun sun saurari bakin Shaihu ne kawai, ba su dubi yadda aka gina labarin ba. Shaihu Umar ɗan riƙo ne yake magana, ɗan riƙo kuwa ba ya zagin hannun da ya ciyar da shi, balle malami a gaban almajirai. Muryarsa a kwance take, babu ƙorafi. Amma marubucin ya yi wani abu: ya katse labarin yaron da ke samun ilimi da daraja, ya ɗauke mu ya kai mu wurin uwa, ya sa muka bi ta daga hannu zuwa hannu. Umar bai ga waɗannan abubuwa da idonsa ba, kuma a ƙa'ida wannan rauni ne ga labarin da mutum ɗaya ke bayarwa da bakinsa. Ni ban damu da raunin ba. Da ba a yi haka ba, da ba mu san nawa aka biya kafin a samu Shaihu ba, kuma wa ya biya. Kowane mataki da Umar ya hau, uwarsa sauka take yi. Ɓalewa bai ce Abdulkarim ya yi laifi ba, ya dai ajiye rayuwar biyu kusa da juna ya bar mu da su.

Inda nake da ƙorafi na gaske da littafin wani wuri ne daban. Mutanen ƙauyen da suka tsinci yaron a daji su ne masu riƙo na farko, kuma su ne suka fi kama da abin da na sani. Ba su saye shi ba, ba su zaɓe shi ba, sun gan shi ne ba kowa suka ɗauka. Littafin ya wuce su da sauri kamar zango a hanya, Shaihu ma bai tsaya ya yi musu dogon tunani ba. Mai dukiya da littattafai ya samu shafuka da suna, talakan da ya raba tuwonsa ya samu 'yan layuka. Wataƙila haka duniya take tunawa da mutane, amma na so a ce marubucin ya lura.

Abin mamaki, ma'aunin da za a auna Abdulkarim da shi yana cikin ilimin da ya sa aka koya wa Umar. Zaidu ɗan Harisa ma sato shi aka yi yana yaro aka sayar, ya zo hannun Nana Khadija, ta ba da shi ga Manzon Allah (SAW). Da ubansa da baffansa suka zo Makka nemansa, ba a ɓoye shi ba, aka kira shi aka ba shi zaɓi a gabansu. Daga baya kuma Suratul Ahzab ta zo da umarnin a riƙa kiran irin waɗannan 'ya'ya da sunan ubanninsu. A kan wannan ne dokar iyali ta Aljeriya ta 1984 ta hana mai da ɗan wani naka ɗungurungum, ta halatta abin da suke kira kafala: ka ɗauki nauyin ci da sha da tarbiyya a gaban alƙali ko mai rubuta shaida na hukuma, asalin yaro kuma yana nan yadda yake. Mu baƙi da takardunmu ba su cika ba ba ma kusantar wannan ƙofa. Riƙonmu irin na gida ne, shaidunmu maƙwabta da limamin unguwa. Amma sharaɗin ɗaya ne, ɗan riƙo yana da wani gida, kuma nauyin neman gidan yana kan babba, ba kan yaro ba.

Na faɗi wannan kamar na fi Abdulkarim, alhali ban fi shi ba. Wata uku na farko na yi cigiya sosai. Duk direban da zai sauka Agadas na ba shi saƙo, na tura hoton yaron ta WhatsApp ga 'yan uwa a Damagaram. Daga nan sai na yi sanyi. Mu Allah bai ba mu haihuwa ba, shekara goma sha ɗaya da aure. Gidan ya yi daɗi da hayaniyar yaro, maiɗakina ta koma dariya. In direba ya dawo ya ce bai ji labari ba, sai in ce Allah ya sa a dace, amma a cikin cikina wani abu yana kwanciya. Sai da na zo wurin mafarkin Umar a wannan karatun na ajiye littafin na kasa ci gaba. Na gane abin da nake jira ke nan: yaron ya girma ya nema da kansa, ni kuma a ce na kyauta da na raka shi.

Washegari na je wurin wata tsohuwa 'yar Kance da ke sayar da ƙosai a bakin layinmu, wadda tun farko na san ita ce ta fi kowa sanin matan yankinsu, kuma tun farko nake kauce mata. Kwana tara ta kawo mini lambar waya.

Uwar tana nan da rai a wani ƙauye kusa da Matamaye. Da ta ji muryata ta yi kuka har kuɗin wayar suka ƙare. Da na sake kira na ce mata, “Baiwar Allah, ɗanki yana nan lafiya, ki faɗi yadda kike so a yi.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “Malam, bana ba mu samu hatsi ba. Ku riƙe shi zuwa kaka, in Allah ya kai mu sai mu yi magana.” Na miƙa wa yaron wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya dube ni, ya dubi maiɗakina, ya gaishe ta da Larabcin da ya koya a layi. Sai da maiɗakina ta raɗa masa a kunne sannan ya ce, “Inna, ina wuni.”

Yanzu kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci muke kira. Kaka saura wata biyu.